Sunan yaro bai fito ba: wa zai saurari iyaye, kuma cikin kwana nawa?

Duk shekara, da zarar sakamakon BEPC ya fito aka fara liƙa jerin waɗanda aka tura lise, magana ɗaya ce ke yawo a fada da majalisun Yamai, daga Yantala har Talladje: wanda ba shi da kowa a ma'aikata kada ma ya wahalar da takalminsa. Uba ya ga an tura ƴarsa da ke zaune a Harobanda wata makaranta a ƙetaren kogi, ga kuɗin faba-faba safe da yamma. Uwa ta ga ɗanta mai ƙoƙarin lissafi an sa shi ajin A maimakon C. Wani ma ya duba bango har sau uku, babu sunan ɗansa. Dukkansu sai su tashi neman wanda ya san wani.

Wannan tunani shi ne ke damuna. Mun mayar da ƙorafi kamar roƙon alfarma, ana yin sa da sunkuyar da kai da “don Allah, mushe, a taimaka”. Kwamitin da ke rarraba ɗalibai yana aiki ne da maki da shekarun yaro da yawan guraben da ke akwai, a kan dubban dosiye. Mutane ne ke rubutu da ƙidaya, kuskure kuwa ba ya rasa shiga: maki ya sauya wuri, sunaye biyu su yi kama, shekarar haihuwa ta karkace. Uban da ya ce a sake dubawa hakkinsa yake nema. Shi kuwa wanda ya bi ta bayan gida, ko da gaskiya gare shi, ya ƙara wa jita-jitar ƙarfi, ya kuma rufe ƙofa ga maƙwabcinsa da ba shi da kowa.

To, idan hakki ne, sai tambayar lokaci ta taso. Ƙasashen da suka rubuta ƙa'idar nan sun sha bamban. A Faransa, inda muka gaji tsarin makarantunmu, iyayen da ba su yarda da hukuncin darakta kan inda za a tura ɗansu ba suna da kwana 3 kacal na aiki su ɗaukaka ƙara, amma suna da damar tsayawa gaban kwamiti su yi bayani da bakinsu. A Ingila, ƙa'idar da aka sabunta a 2022 ta ba iyaye aƙalla kwana 20 na makaranta su shigar da ƙorafi, a sanar da su ranar zama aƙalla kwana 10 na makaranta kafin ta zo, a kuma aika musu hukunci a rubuce cikin kwana 5 na makaranta in da hali. Masu sauraron aƙalla mutum uku ne, kuma ba su da alaƙa da makarantar. Akwai wani sharaɗi da ya fi burge ni: idan iyaye da yawa suna neman makaranta ɗaya, ba a yanke wa kowa hukunci sai an gama jin na ƙarshe, don kada mai sammako ya kwashe guraben.

Wasu jami'ai suna ganin adalci ya cika da zarar an ba kowa wa'adi ɗaya da mintoci ɗaya. Ku dubi telan da ana gobe Sallah ya yanka wa kowa yadi uku, yaro da babba, siriri da mai jiki, ya ce ai bai fifita kowa ba. Yaron zai yi ta tuntuɓe da rigarsa, ƙaton kuwa tasa ba za ta rufe masa cibiya ba. Haka kwana uku suke. Sun ishi ma'aikacin da ke zaune a Plateau, mai mota, mai faransanci a baki, wanda ya ga jerin a wayarsa tun daren farko. Ba su ishi uban da damina ta tsare a gona a ƙauye ba, wanda sai labari ya kai masa, ya nemi kuɗin mota, ya nemi mai rubuta masa takarda. Haka mintoci biyar a gaban kwamiti: wanda ake yi wa tafinta rabinsu yake samu. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu dalilin da zai hana uwa ta faɗi kukanta da Hausa ko Zabarmanci, a rubuta shi yadda ta faɗa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya umurce shi ya daidaita mutane a wurin zama da fuskar da yake nuna musu, ya yanka wa mai cewa hujjarsa ba ta kusa wa'adin da zai kawo ta, kuma kada hukuncin jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana yau.

Wa'adi dai dole ne ya zama da iyaka. Azuzuwan lise irin su Issa Korombé da Kassaï ba sa faɗaɗa don an yi ƙorafi, kuma yaron da aka ba gaskiya a watan Disamba ya riga ya yi asarar zangon farko. Mu iyaye ma muna da namu sakaci. Mukan bar takardar haihuwa da kuskure shekara da shekaru, mu watsar da takardun makin yaro, mu zauna har a koma lakkol a watan Oktoba, sannan mu cika ofishi da hayaniya.

Abin da nake nema ga hukumomin ilimi bai kai kuɗin gina aji ɗaya ba. Duk jerin da za a liƙa ya zo da takarda a gefensa mai faɗin inda ake kai ƙorafi da ranar da za a rufe, a kuma karanta ta a rediyo da harsunanmu. Wa'adin ya kai mako biyu ko uku, ya ƙare kafin komawa makaranta. Wanda ya kawo takarda a ba shi rasit mai kwanan wata. Masu sake dubawa kada su zama su ne suka yanke hukuncin farko, kuma wakilin ƙungiyar iyaye ya zauna tare da su. Amsa ta zo a rubuce da dalilinta, ko da “a'a” ce. Uban da aka saurara har ya gama, aka nuna masa makin da ɗansa ya gaza da shi, zai iya komawa gida da ɓacin rai, amma ya san gyaran da ke gabansa, kuma ba zai je ya ce an sayar da gurbin ɗansa ba.