Saƙar safa a kan hanyar Yamai

Daga Maraɗi zuwa Yamai akwai wajen kilomita 660. Mota tana bi ta Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Birnin Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso. Tafiya ce ta wuni guda. Mutumin Jiratawa ma sai ya fara shigowa Maraɗi kafin ya hau mota. Fasinja yana zaune, hannunsa ba aiki. Amma mace mai kwarashi da zare tana iya sauka da safar jinjiri a cikin jakarta.

Me ya sa safa?

Daga Disamba zuwa Fabrairu ɗari yana da ƙarfi a jihar Maraɗi. Da asuba awon zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15. Jinjiri ba ya riƙe ɗumin jiki kamar babba. Wanda aka haifa bakwaini, ko maras nauyi, sanyi yana iya kashe shi. Don haka ungozomomi suke cewa a sa masa hula da safa, uwa ta rungume shi a ƙirjinta.

Kayan aiki

Kwarashi ɗaya, ƙwallon zaren ulu ɗaya, da ƙaramar jaka. Ana samun su a kasuwar Maraɗi. Cikin mota kwarashi ya fi dogayen alluran saƙa. Gajere ne, ba ya tsokanar maƙwabci in mota ta faɗa rami.

Yadda ake yi

1. A auna ƙafar yaro tun daga gida. Ta sabon haihuwa wajen santimita 8 ce.
2. A yi sarƙa wadda ta ɗan gaza tsawon ƙafar.
3. A kewaye sarƙar sau biyu ko uku, ana ƙari a goshi da dunduniya. Tafin ƙafa ke nan.
4. A ci gaba da kewayawa ba ƙari. Gefe zai tashi kamar ƙwarya.
5. A rage a gaba har yatsu su rufu.
6. A hau da saƙa zuwa idon sawu, a zura igiya.

Kada igiya ta matse, don jini ya gudana. A ƙirga layukan ta farko, don ta biyu ta yi daidai da ita.

A kiyaye

Zare ya zauna cikin jaka saboda ƙura. In jiri ko tashin zuciya ya zo, a ajiye saƙa, a dubi nesa. In hanya ta lalace, a jira kwalta mai kyau. A wanke safa da sabulu, ta bushe sarai kafin a sa wa yaro.

Wadda ta iya karatu da ƙidaya a ajin yaƙi da jahilci ba za ta ɓata lissafin layuka ba. Safa ɗaya ta ɗanta, wata ta barkar suna, saura ta kai kasuwa. Hausawa sun ce, da zaman banza gara aikin kishiya.