Ɗakin Shanun Tatsa: Inuwa, Iska da Busasshen Makwanci

Yanzu manoma da 'yan kasuwa da yawa suna ajiye shanun tatsa a gida, musamman ruwa-biyun nan na Bunaji da Firiziyan, irin waɗanda aka daɗe ana haɗawa a Shika da Vom. Saniya irin wannan tana da tsada, ta kuma fi Bunaji ba da madara ƙwarai, amma ba ta kai ta jimirin zafi ba. In zafi ya dame ta sai ta rage cin abinci, madara kuwa ta ja baya.

Saboda haka abu na farko shi ne inuwa. A miƙe rumfar daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta riƙa dukan cikinta. Rufin ya kai ƙafa 10 daga ƙasa. Jinka ta fi kwano sanyi. Wanda ya yi da kwano ya shimfiɗa ciyawa a kansa. A bar gefuna a buɗe iska ta ratsa, sai da hunturu a kare gefen arewa maso gabas da zana, saboda maruƙa.

Na biyu makwanci. Saniya mai lafiya takan kwanta awa 10 zuwa 12 a kwana guda, tana tuƙa. In ta kwanta cikin kashi da fitsari, ƙwayoyin cuta su shiga ta kan nono, su kawo ciwon hantsa, madara ta gudaje, wani lokaci nonon ya mutu ɗungum. Tsayuwa cikin caɓi kuma ita ke ruɓar da kofato. To, a tayar da daɓe, a ɗan karkata shi ruwa ya gangare, a zuba yashi ko ƙaiƙayi busasshe. Kada a goge siminti ya yi santsi. A kwashe kashi kullum a tara shi nesa, taki ne na gona.

Bayan tatsa kan nono yakan zauna a buɗe kamar rabin awa. Sai a zuba mata abinci nan take, ta ci a tsaye har ya rufe.

Ruwa kuma kada ya yanke a kwami, gama mai tatsa takan sha lita 80 ko fi a ranar zafi. A liƙe tsagar bango, nan kaska ke ɓuya. A ware wuri dabam domin marar lafiya da sabuwar saye, har likitan dabbobi ya duba su.

Kuɗin rumfa bai kai kuɗin saniya ba. Mai niyyar gini ya fara kafin damina ta faɗi.