RUBUTACCEN SHIRI: Malamin TP Da Na'ura A Ajin Kimiyya, Me Ke Faruwa A Ranar Farko?

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ko sabis ya ƙi. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum, domin zancen yau naku ne.

Yau za mu yi magana a kan ɗalibin kwalejin ilimi da aka tura koyon aikin koyarwa, wanda muka fi sani da malamin TP. Ko daga Kwalejin Ilimi ta Maru ya fito, ko ɗaliba ce daga kwalejin tarayya ta mata da ke Gusau, duk sun yi kwas a kan amfani da na'ura wajen koyarwa, sun kuma gwada darasi a gaban abokan karatunsu. To amma gwaji gaban abokai daban, tsayuwa gaban yaran JSS daban. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari mu kwatanta yadda ranar kan kasance. Malami ya aro laftof, ya samo majigi, ya kwana yana shirya hotuna da Turanci mai kyau. Ya shigo aji, babu wuta. A ce an yi sa'a akwai janareta da mai, sai hasken rana ya shigo ta taga ya cinye hoton, ba a ganin komai a bango. Bidiyon da ya dogara da shi yana intanet, sabis kuma sai jujjuyawa yake. Darasi galibi minti 40 ne, rabinsa ya tafi wajen jona waya. Yara sun taso sun yi cincirindo a kan laftof ɗin, na baya suna hawa benci. Aka kaɗa ƙararrawa, yara sun ga na'ura, amma ba su ga kimiyya ba.

Nan ne wasu ke yanke hukunci su ce, ai wannan abu ba namu ba ne, a bar wa 'yan Abuja, mu koma ga alli da allo. Ni kuma ina ganin ba na'urar ce ta gaza ba. An fara da tambayar da ba ita ba ce. An tambayi "wace na'ura zan kai aji?" alhali tambayar ita ce, "mene ne nake so yaran nan su gani da idonsu, wanda baki ba zai iya nuna musu ba?"

Kun gane? A darasin kimiyya, amfanin na'ura shi ne ta nuna abin da ido ba ya kaiwa. Wani abu ya yi ƙanƙanta, kamar ƙwayoyin cuta a ruwan kududdufi. Wani yana da jinkiri, kamar tsirowar wake, wanda sai an yi kwanaki ana jira. Wani kuma yana da haɗari, ba za ka kawo shi aji ba. In darasinka bai faɗa cikin irin waɗannan ba, wallahi alli ya wadatar. Mai koyar da sassan tsiro ba ya buƙatar majigi, ya fita bayan aji ya tumɓuko gero ko dawa, ga saiwa ga kara ga ganye.

To yanzu mu zo gida, inda maganar abin da ido ba ya gani ta zama maganar rai da mutuwa. A shekarar 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma, Tungar Guru, daga baya Bagega. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, kafin a ankara ya cika. Da farko an ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa domin zinari yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida a daka, a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida, a kwano, a hannun yaro mai rarrafe, hannun kuma ya tafi baki. Yara sama da 400 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Dubbai aka yi wa magani, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta yadda ko ya rayu, karatu na iya yi masa wuya.

Ku lura da wani abu. Ƙasar tsakar gidan nan, a ido ƙasa ce kamar kowace. Sai da masana suka zo da wata na'urar hannu da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki, sannan aka san gidajen da za a kankare ƙasarsu a zuba sabuwa. Wato na'ura ce ta nuna abin da ido ya kasa gani. Wannan shi ne aikinta a fili, shi ne kuma aikinta a aji.

A manhajar kimiyya ta ƙaramar sakandare akwai darasin gurɓatar muhalli: iska, ruwa da ƙasa. Malamin TP a Anka yana iya rubuta ma'anarsa da Turanci a allo, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Yana kuma iya yin haka: ya sa a rufe tagogi aji ya ɗan yi duhu, ya kunna tocilan ɗin wayarsa, ya kaɗa tsumman goge allo a gaban hasken. Nan take yara za su ga ƙurar alli tana yawo, ta daɗe ba ta sauka ba. Sai ya tambaye su, ina take zuwa? Wa ke shaƙarta? In ta sauka, a kan me? Daga nan ya jiƙa tsumman da ruwa ya sake kaɗawa. Babu ƙura. Ya ɗauki bidiyon gwajin biyu da wayar, a zagaya da ita layi-layi kowa ya sake kallo. Cikin minti goma yaro ya fahimci dalilin da ya sa ake cewa a riƙa jiƙa dutse wajen niƙa, a bar aikin can nesa da gida, a yi wanka a canza kaya kafin a ɗauki jariri. Wannan yaron zai kai darasin gida da yamma. Amma fa a kiyaye, da alli ko garin dawa ake wannan gwaji. Kada a kuskura a kawo dutsen ma'adinai cikin aji.

Kun ga a nan ba a nemi wutar NEPA ba, ba a nemi data ba. Kuma wannan sharaɗi ne babba a wajenmu. Ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu kira babu intanet, makarantu ma aka rufe su. Duk tsarin koyarwar da ya rataya a kan sabis, a wannan yanki, igiyarsa ba ta da ƙwari. Don haka ƙa'idar farko ita ce: sauke komai a wayarka tun kana inda sabis yake da ƙarfi.

Me za a sauke? Akwai PhET, tarin gwaje-gwajen kimiyya na kwamfuta da Jami'ar Colorado ta Amurka ke bayarwa kyauta a shafinta. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, shi ya assasa shi a 2002. A ciki yaro zai jona batir da ƙwan fitila da waya a fuskar na'ura, ya ga yadda lantarki ke zagayawa, ya cire waya ɗaya ya ga fitila ta mutu. Ana iya sauke su a yi aiki da su babu intanet. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kuma akwai darussa da Hausa a ciki. In mutum ɗaya ya sauke bidiyo, sauran su karɓa ta Xender, yadda muke tura wa juna finafinai da wa'azi. Sai dai a tuna, gwajin kwamfuta ba ya maye gurbin na hannu. In an gama kallo, a kawo batirin tocila biyu da ɗan ƙwan fitila, yara su jona da kansu. Gani ya kori ji, amma taɓawa ta fi zama a kai.

Ga ƙannena masu shirin fita TP, ga shawara. Ka je ajin kwana ɗaya kafin darasin, a daidai lokacin da za ka koyar, ka ga inda rana ke shigowa, ka ƙirga yaran. Ka sanar da shugaban makaranta da malamin da aka haɗa ka da shi cewa za ka yi amfani da waya, domin makarantu da yawa suna da doka a kanta. Ka rubuta tambaya a allo kafin ka kunna komai, don yara su san abin da suke nema. Bidiyo kada ya wuce minti uku. In waya ɗaya ce, raba su rukuni-rukuni, ka ba sauran aikin zane kafin layi ya zo kansu, kuma ka tabbata 'yan mata sun riƙe na'urar da hannunsu, ba leƙe daga baya ba. Ka yi bayani da Hausa, sannan ka ba su kalmar Turancin da za su tarar a jarrabawa. Kada ka ɗauki hoton yaran mutane ka watsa a Facebook ba da izini ba, musamman a halin tsaron da muke ciki. Sannan ka shirya darasin ta yadda ko batir ya mutu, ba za ka tsaya kana zare ido ba.

Ga hukumomi kuma. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Roƙonmu shi ne, in za a sayi kwamfutoci, a haɗa da sola da horar da malamin da zai riƙe su, kada su ƙare a ofis cikin kwali. Kwalejojinmu kuma su riƙa gwada ɗalibai a irin ajin da za su tarar: babu wuta, yara sun cika, waya ɗaya. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Yaron Gummi ko Bukkuyum da bai taɓa taɓa na'ura ba sai ranar jarrabawa, an riga an ci shi da yaƙi tun kafin ya zauna.

Malamai da ɗaliban da suka yi TP a wannan yanki, muna son jin yadda taku ranar farkon ta kasance, da dabarar da ta yi muku aiki. Ku tura wa wanda kuka san zai fita TP bana. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, Ya yi wa karatun yaranmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.