Bayanin Sauya Sandar Giya a Motocin Gudu

A sani cewa ma'abota motocin gudu a ƙasar Amurka suna da wata al'ada: mutum ya sayi mota sabuwa ful, ya cire sandar giyar da ta zo da ita, ya ɗaura wata. Wanda ya shahara da ƙera irin wannan sanda shi ne George Hurst, har a shekarar 1964 kamfanin Pontiac ya riƙa fitar da motarsa GTO da ita tun daga masana'anta.

Hikimar abin kuwa irin ta ma'auni ce. Sandar tana juyawa bisa wani mazauni. In aka gusar da shi sama, tafiyar hannu daga giya zuwa giya sai ta gajarta, amma fa sai an ƙara ƙarfi. Abin da aka rage a nisa, da damtse ake biyansa.

Wajen ɗaurawa, bakanike yakan ɗora mota bisa matokara mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba, ya sa giya a firi. Ya kwance tsohuwa, ya kafa sabuwa, ya zura siririn ƙarfe cikin hujojin hannayenta domin su jeru daidai. Kana ya daidaita tsawon ƙarafan da ke tafiya zuwa giyabos, ya ɗaure tam.

A nan haɗarin yake. In aka kuskure awo, giya ba ta shiga sosai, sai ta fice ana tsakiyar gudu, haƙoranta su cinye. Saboda haka a jarraba kowace giya mota tana tsaye, tukuna a hau hanya. Sauri ya haifi nawa.

Haza wassalam.