Kafin ka tambayi "giga nawa?": yadda ake zaɓen faifan ajiya a kasuwar Dembe

Duk wanda ya je sayen kwamfutar kan tebur a shagunan da ke kewayen kasuwar Dembe, tambaya ɗaya ce ke fara fita daga bakinsa: "Giga nawa ce?" Mai shago ya ce tera ɗaya, sai fuskar mai saye ta washe, a shiga ciniki. Da wuya ka ji an tambayi wane iri ne faifan, ko shekara nawa ya yi yana aiki kafin ya iso N'Djamena. Alhali yawancin kwamfutocin nan gwanjo ne, irin su Dell OptiPlex da HP, da suka gama wahala a ofisoshin ƙasashen waje, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Duwala, suka biyo mota har suka haye gadar Ngeli.

Ni malamin makaranta ne, shi ya sa maganar ta dame ni. Makin ɗalibai, sunayen masu zana jarrabawar BEF, takardun sakamako na kowane zango, duk a cikin wannan ɗan faifan suke kwana yanzu. Na san wata makaranta da faifanta ya mutu ana saura mako biyu a raba sakamako. Malamai suka koma tattara maki daga litattafan aji, suna rubutu har dare, iyaye kuma na zirga-zirga a ƙofa. Faifan nan tera guda ne, an kuma saye shi da araha.

Faifan ajiya, wanda masu shago ke kira diski dur da Faransanci, iri biyu ne. Na farko shi ne HDD, mai faranti a ciki da ke juyawa, allura na bin sa tana karatu da rubutu. Tsohon hannu ne: kamfanin IBM ya fito da na farko a 1956, nauyinsa kusan tan guda, abin da yake ɗauka kuwa bai wuce mega 5 ba, wato kamar hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Yanzu kamfanoni uku ne kawai suka rage suna ƙera shi: Seagate da Western Digital da Toshiba. Na biyu shi ne SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Ɗan'uwan memorin waya ne, sai dai ya fi shi ƙarfi da sauri nesa ba kusa ba.

Bari mu auna su da lamba. Farantin HDD na kwamfutar tebur yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma mai kyau a cikinsu yana karanta mega 150 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD mai shiga wayar SATA, wato wayar da tsohon faifan ke amfani da ita, yana kai mega 550. Akwai kuma siririn nan mai suna NVMe da ke haura mega 3,000. Amma inda bambancin ya fi fitowa shi ne wajen neman ƙananan fayiloli. Kafin allurar HDD ta je inda fayil yake, sai ta ci kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, SSD kuwa ya fi ta sauri kusan sau ɗari. Windows na buɗe dubban irin waɗannan fayiloli duk lokacin da aka kunna shi. Shi ya sa za ka ga kwamfuta ɗaya, da HDD sai ka sha shayi kafin ta gama tashi, da aka sa mata SSD kuwa kafin ka gyara zama ta shirya.

To a ina HDD ya fi? Wajen kuɗi. Lissafin mai sauƙi ne: raba farashi da yawan giga. A ce an yi maka tayin HDD mai giga 1,000 da SSD mai giga 250, kowanne jaka ashirin. Gigar HDD ta tashi sefa 20, ta SSD sefa 80. Ga mai shagon tura finafinai da karatuttukan malamai a waya, ko mai ɗaukar bidiyon biki, HDD ne daidai, domin wuri yake bukata. Amma sakataren makaranta ko mai shagon buga takardu, wanda aikinsa Word da Excel ne, zai shekara biyar bai cika giga 100 ba. Idan ya sayi tera, ya biya kuɗin ɗakunan da ba zai taɓa shiga ba, ya kuma sayi jira kullum safe. Af, kada a yi faɗa da mai shago in an ga tera ɗaya ta nuna 931 a Windows. Masu ƙerawa da dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024.

Sai kuma yanayin garinmu. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, hunturu ya zo da ƙura ta toshe fanka, wuta kuma ta ɗauke ba sallama. HDD na kwamfutar tebur yana shan wat 6 zuwa 8 yana aiki, SSD kuwa 2 zuwa 3, kuma mai aiki da sola ko batir ya san darajar wannan. SSD ba ya tsoron girgiza in an ɗauko kwamfuta a bayan babur. Sai dai shi ma yana da halinsa: HDD kan yi ƙara, ya yi nauyi, ya ba ka alama kafin ya mutu, SSD kuwa yakan ɗauke lokaci guda, kuma ceto abin da ke cikinsa ya fi wuya. Dukansu biyu ba sa son yankewar wuta suna tsakiyar rubutu, don haka ondilar, ɗan batirin nan mai riƙe kwamfuta na 'yan mintuna, yana cikin kuɗin sayayya.

Idan gwanjo za ka saya, ka ce a haɗa faifan a gabanka, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. Tana nuna awannin da faifan ya yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka faifan da ya nuna 35,000 ya yi shekara huɗu cur ba hutu. Tana kuma nuna ko akwai wuraren da suka lalace. In ka ga launin rawaya ko ja, ka ajiye shi ko nawa aka rage maka, araha ba ta ado. A 2007 injiniyoyin Google sun binciki faifai sama da 100,000, suka gano cewa wanda ya nuna kuskuren farko a bincikensa ya fi sauran yiwuwar mutuwa sau 39 cikin kwana 60. Binciken ya kuma nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba. Ka ga shuɗin launi ma ba lamuni ba ne.

SSD kuma akwai na jabu, mai rubutun tera a jiki alhali cikinsa bai kai ba. Manhajar H2testw tana cika shi da bayanai ta sake karantawa, ta tona asirinsa. Ka kuma leƙa cikin kwamfutarka kafin ka biya kuɗin NVMe, domin tsofaffi irin OptiPlex 7010 ba su da raminsa, sai mai SATA. Maganar tsufa kada ta tsorata ka: Samsung 870 EVO mai giga 500 an lamunce masa rubutun tera 300, abin da ofishin makaranta ba zai ƙarar ba ko a shekara goma.

Ga 'yan'uwana masu shago, littattafan fiƙihunmu sun ba mai saye zaɓin mayar da kaya in aka ɓoye masa aibi. Nuna wa mutum awannin faifai bai rage ciniki, amana yake ƙarawa, gobe ma wurinka zai dawo.

Shawarata ga makarantu da ƙananan ofisoshi ita ce: a sa SSD mai giga 250 ko 500 ya ɗauki Windows da aikin yau da kullum, tsohon HDD in yana da lafiya ya zauna a gefensa a matsayin rumbu. Sannan duk ranar Alhamis a kwafe makin yara a kile ko wani faifan waje, a ajiye shi a wani gida daban. Faifai in ya mutu akwai wani a Dembe. Makin yaro na zango guda kuwa ba a sayar da shi a kowace kasuwa.