Sauya Babbar A-kori-kura da Matsakaiciya Mai Shiga Daji: Abin Dubawa Kafin a Yanke Shawara

'Yan uwa mazauna ƙasashen waje, akwai wata tambaya da take yawan tasowa a tsakanin iyalanmu, musamman waɗanda ke Amurka da Kanada, da kuma 'yan kasuwarmu masu zuwa sari birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Mutum yana da babbar a-kori-kura irin su Ford F-150 ko Toyota Tundra ko Ram 1500, yana shirin komawa gida, ko yana son aika wa iyali motar gona da kasuwa. Shin ya sa wannan babbar a jirgi, ko kuwa ya sayar da ita ya sayi matsakaiciya mai jan taya huɗu, irin su Hilux da Ranger da Tacoma, ko irin waɗanda ake ƙerawa a Sin? Kuɗin da ke ciki ba kaɗan ba ne, sau da yawa tarin shekaru ne. Amsar a taƙaice ita ce: an ƙera babbar ne domin manyan titunan Amurka da jan tirela, amma hanyoyinmu da manmu da kanikawanmu sun fi dacewa da matsakaiciya. Ga dalilan, ɗaya bayan ɗaya.

1. Girma da hanyar gida

F-150 mai ƙofa huɗu tsawonta ya kusa mita 5.9, faɗinta kuma ya ɗan haura mita 2 ba tare da madubai ba. Hilux mai ƙofa huɗu kuwa tsawonta wajen mita 5.3 ne, faɗinta bai kai mita 1.9 ba. A takarda bambancin kamar ba shi da yawa, amma duk wanda ya taɓa shiga lungunan cikin birnin Kano ko Zariya, ko ya nemi juya mota a bakin kasuwar ƙauye ranar cinta, ya san abin da rabin mita yake nufi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. A F-150 tazarar ta kai kusan mita 3.7, a Hilux kuwa wajen mita 3.1. Idan mota ta hau tudun kunya ko ta haye gaɓar rafi, tayoyin gaba suna sauka, na baya ba su hau ba tukuna, sai cikin motar ya zauna a kan tudun. Gwargwadon tsawon tazarar, gwargwadon saurin zaman. Shi ya sa za ka ga babbar mota mai ƙarfin inji ta maƙale a wurin da ƙaramarta ta wuce salin-alin. Haka kuma nauyi: Tundra ta kai tan 2.5 ko fiye ba kaya, Hilux wajen tan 2. A cikin rairayin arewacin Katsina da Maradi, ko laka ta damina, nauyi shi ne yake binne mota. Ba banza ba ne sojojin Cadi suka dogara da Hilux da Land Cruiser a yaƙinsu da Libiya a 1987, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota.

2. Ɗaukar kaya da jan tirela

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Gaskiya ne babbar ta fi ja: akwai F-150 da take jan tirela mai nauyin tan 6, alhali Hilux iyakarta tan 3.5. To amma mu a gida ba jan tirela muke yi ba, a bayan mota muke loda buhuna. A wannan fannin kuwa bambancin ƙalilan ne. Hilux tana ɗaukar kimanin tan 1, yawancin F-150 da Tundra da ake sayar wa iyalai ba su wuce hakan ba, wasu ma ba su kai ba, domin an yi musu sifirin mai taushi saboda jin daɗin zama.

A lura cewa wannan tan ɗayan ya haɗa da mutanen da ke ciki. Idan mutum biyar suka shiga, abin da ya rage bai wuce buhu shida ko bakwai na masara mai kilo 100 ba. Sa'an nan wani abu da dillali ba zai gaya maka ba: nau'in da aka ƙawata domin gudu a daji, irin su Ranger Raptor, ya fi kowanne tsada amma ya fi kowanne ƙarancin ɗaukar kaya, saboda ƙafafunsa na shan gargada ne, ba na dakon taki ba. Mai gona abin da yake buƙata shi ne mota mai jan taya huɗu, mai ƙaramar giya ta hawa da fita daga laka, da makullin da ke sa tayoyin baya su juya tare. Sauran duk ado ne.

3. Lissafin mai

Tundra mai inji V8 na lita 5.7 tana shan kimanin lita 16 a kilomita 100. Hilux mai injin fetur na lita 2.7, wadda ita ce ta fi yawa a Nijeriya, tana shan wajen lita 11 zuwa 12, mai dizal kuma ƙasa da haka. Alal misali, motar da take yin kilomita 20,000 a shekara, bambancin zai kusa lita 1,000. A lokacin da ake tallafin mai ana iya kau da kai daga wannan. Amma tun da aka janye tallafin a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu a cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ya haura naira 1,000. Wanda ya aika wa mahaifinsa babbar mota, to ya aika masa da wani baki ne da za a riƙa ciyarwa kullum, kuma daga aljihun mai aikawar kuɗin zai riƙa fita.

Game da dizal akwai gargaɗi na musamman. Injinan dizal na Amurka na zamani an yi su ne domin mai wanda aka tace sinadarin sulfa daga cikinsa ƙwarai, kamar yadda dokarsu ta tanada tun 2006. Suna da matatar toka a bututun hayaƙi, suna kuma buƙatar wani ruwa na musamman da ake zubawa a tanki na daban. Idan aka yi ta ba su dizal maras tsabta, matatar tana toshewa, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi da kanta.

4. Bakanike da kayan gyara

Mota ba ranar sayenta ake sanin darajarta ba, sai ranar da ta lalace a hanyar Gusau. Kayan Hilux akwai su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da Fanteka ta Kaduna, da Ladipo ta Legas, sababbi da na hannu, kuma da wuya a sami garin da babu bakaniken da ya taɓa kwance injinta. Gilashin gaba ko lagireton Ram kuwa sai an yi oda, motar tana ajiye ana jira. Bugu da ƙari, tun daga ƙirar 2015 jikin F-150 na alminiyum ne, kuma mai gyaran bodi da ya saba da walda da bugun ƙarfe ba zai iya mayar da shi yadda yake ba. Tundra ma daga ƙirar 2022 ta bar V8 ta koma V6 mai turbo biyu, wanda gyaransa yake buƙatar na'urar bincike da ƙwararre.

'Yan uwa na Amurka su sani cewa ba a sayar da Hilux a can, tun 1995 Tacoma ce ta maye gurbinta, kuma jikinsu da yawancin kayan ƙafarsu ba ɗaya ba ne. Sai dai akwai sauƙi guda: Tacoma mai injin lita 2.7 ta shekarun 2005 zuwa 2023 injinta ɗaya da na Hilux ɗin gida, mai V6 na lita 4.0 ta 2005 zuwa 2015 kuma dangin injin da ke cikin Prado ne. Wanda zai saya daga can, waɗannan su ne bakaniken gida zai gane.

5. Titin Liuhua da zaɓi na uku

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana zuwa Guangzhou ya san Liuhua Lu, wato Titin Liuhua, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa da kasuwannin tufafi, ba nisa da unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suke sauka. A kan wannan titin ne tsohon zauren baje kolin Canton yake, tare da otal ɗin Dongfang da China Hotel. An fara baje kolin a 1957, ya koma Liuhua a 1974, ya zauna a nan har 2008 lokacin da aka mayar da shi gaba ɗaya sabon zaure a Pazhou. Ana yinsa sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, kuma a zangon farko ake baje motoci da kayan gyaransu. Saboda haka wanda ya sauka a yankin Liuhua yau, a nan zai sami masauki da tafinta da kamfanonin tura kaya, amma kallon motoci sai ya nufi Pazhou.

Abin da zai tarar ya sha bamban da na shekaru ashirin da suka wuce. Kamfanin Great Wall na birnin Baoding ya fara a-kori-kura da ƙirar Deer a 1996, ya fito da Wingle a 2006, sai Poer a 2019. Akwai kuma JAC da Foton da Maxus. Ana haɗa Isuzu D-Max a birnin Nanchang, ana haɗa Nissan Navara a Zhengzhou. Kusan dukkansu matsakaita ne, girmansu ɗaya da Hilux, kuma sitiyarinsu a hagu yake kamar namu. A 2019 gwamnatin Sin ta fara ba da izinin fitar da motocin hannu zuwa waje, a 2023 kuma ƙasar ta wuce Japan a yawan motocin da ake fitarwa.

Amma a kiyaye abubuwa uku. Na farko, ba a ƙera Hilux a Sin. Masana'antar Toyota da ke Nansha a Guangzhou motocin shiga take yi irin su Camry da Highlander. Hilux daga Thailand da Afirka ta Kudu da Ajantina take fitowa. Duk wanda ya ce zai ba ka sabuwar Hilux ƙirar Sin da arha, ka riƙe kuɗinka. Na biyu, motar dizal da aka yi domin kasuwar cikin Sin tana bin ƙa'idar hayaƙi mai tsauri da ta fara aiki a faɗin ƙasar a 2020, don haka tana da irin matatar nan mai toshewa, allonta kuma da rubutun Sinanci. A nemi nau'in da aka yi domin fitarwa Afirka, a rubuta hakan a cikin yarjejeniya. Na uku, kafin ka biya, ka bincika ko ƙirar tana da wakili da kayan gyara a gida. Idan babu, ka sa filtoci da birki da bel da famfon ruwa na shekara biyu a cikin kwantena ɗaya da motar, ana sayensu da lambar shasi a hannu domin kada a ba ka na wata ƙirar. Ka kuma sani ranar da za ka sayar da ita a Kano ko Maradi, ba za ta riƙe kuɗinta kamar Toyota ba. Arharta ta ranar saye ce.

6. Jirgi da kwastan

Cikin kwantena mai ƙafa 20 tsawonsa mita 5.9 ne. Matsakaiciya tana shiga har a sami wurin ɗaure ta, F-150 mai ƙofa huɗu kuwa tsawonsu ɗaya da kwantenan, sai dai a kama mai ƙafa 40 ko a sa ta a jirgin da ake tuƙa motoci a shiga da su, inda ake caji gwargwadon girma. Kuɗin fito kuma ana lissafa shi ne a kan darajar motar, don haka mai tsada ta fi biya. 'Yan uwa na Ingila su tuna Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Nijar ma haka take, motar Ingila mai sitiyari a dama ba ta hanyarmu ba ce. Kafin a sayi ta hannu a ko'ina, a tambayi wakilin fito iyakar shekarun motar da doka ta yarda a shigo da ita a wannan lokacin.

7. Wa ya kamata ya riƙe babbarsa?

Ba kowa ne sauyi zai amfana ba. Wanda yake zaune a Texas ko Alberta, yana aikin gini yana jan tirela, ko yana da 'ya'ya manya da kujerar bayan matsakaiciya za ta matse su, kuma ba ya shirin tura motar gida, ya riƙe abarsa. Haka wanda banki yake binsa fiye da abin da motar za ta yi a kasuwa, domin sauran bashin zai bi shi cikin sabuwar. Kowane sauyi yana cin kuɗi: dillali zai saya da rahusa, ga haraji, ga rajista.

Amma wanda ya san ƙarshen motar nan gida za ta je, hanya mafi sauƙi ita ce ya sayar da babbar a ƙasar da ake sonta kuma ake biyan kuɗinta, ya ɗauki takarda ya rubuta hanyar da motar za ta riƙa bi, da buhu nawa za ta ɗauka, da wanda zai riƙa zuba mata mai, da sunan bakaniken da zai riƙa duba ta. Idan ya cika waɗannan huɗun, zai ga da kansa ko Hilux ce, ko Tacoma, ko ta Guangzhou. Allah ya sa a saya a sa'a, ya kuma kai mu gida lafiya.