ARAHA BA TA ADO: Kayan da ya kamata mai saye ya ƙara kuɗi a kansu

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Ko da yake kowa ya san wannan karin magana, in mutum ya shiga Kasuwar Monday ko ta Gamboru a nan Maiduguri ya kasa kunne, zai ji yawancin masu saye ba abin da suke tambaya sai mai sauƙin kuɗi. Ba kuwa za a ga laifinsu ba, gama tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 magidanci sai ya yi dogon lissafi kafin ya saki naira guda. To, amma akwai waɗansu kayayyaki waɗanda in aka bi araha a kansu, ƙarshenta a biya ninki, wani lokaci ma a biya da rai.

Na farkonsu shi ne magani. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu tasowa kusan ɗaya daga cikin kowane magani goma ko dai jabu ne, ko kuwa bai kai ingancin da ake bukata ba. Mutanen Yerwa ba sai an kai su nesa neman misali ba. Bayan da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ran 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya malale unguwanni da kasuwanni, hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magunguna ta Gamboru, saboda an ga ana wanke magungunan da ambaliya ta jiƙa, ana shanya su a rana don a sake sayarwa. Irin wannan magani ba ya da wuyar samun mai saye, tun da farashinsa ya faɗi.

Ko babu ambaliya ma, yawancin magunguna ba a so zafin wurin ajiyarsu ya wuce digiri 30, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Maiduguri yakan haura 40. Ƙwayar da ta wuni cikin faifan mai talla a tasha tana iya rasa ƙarfinta tun kafin ta kai ga bakin majinyaci. Uban da ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro marar ƙarfi don ya rage naira ɗari biyar, in ciwon ya ci ƙarfin yaro, kuɗin gado da na ƙarin ruwa a asibiti sai su cinye abin da ya rage har sau ashirin. Saboda haka gara a nufi kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, sa'an nan in kwalin yana da wurin kankarewa, a kankare a aika da lambar ta wayar hannu, kamar yadda hukumar ta tsara tun 2010.

Na biyu shi ne kayan wutar lantarki. A watan Janairu na 2021 'yan tada ƙayar baya suka fasa turakun da ke kawo wuta daga Damaturu, birnin ya yi watanni cikin duhu, sai a watan Maris na 2023 aka buɗe tashar nan mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50. Cikin wannan tsakani ne jama'a suka rungumi wutar sola, kasuwa kuma ta cika da faranti da batir iri iri. Batir mai ruwa dama zafi maƙiyinsa ne, masana sun ce duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yakan rage kwanansa da kusan rabi. In kuwa aka haɗa da wanda aka rage masa darma a ciki don ya yi araha, ba zai ga damina biyu ba. Shi ya sa masu aikin sola na kirki sukan ɗaga batir su ji nauyinsa kafin su yi ciniki.

Haka nan waya. Ta gaske jan ƙarfe ce zalla, ta jabu kuwa alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, ko kuwa an rage mata kauri. In aka ɗora mata dutsen guga ko firji sai ta ɗauki zafi, robar ta narke cikin silin, mutanen gida na barci. Duk wanda ya ga tokar da gobarar Kasuwar Monday ta bari ran 26 ga Fabrairu, 2023, ya san yadda wuta ke lashe wahalar shekaru cikin dare guda.

Na uku shi ne tayar mota. Daga Maiduguri zuwa Kano ta Damaturu da Potiskum tafiya ce ta kusan kilomita 600 a kan kwalta mai zafi. Tayar gwanjo tana iya zama da sauran zane, alhali robar ta riga ta bushe ta tsattsage. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Alal misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Direban da ya karanta wannan kafin ya biya kuɗi ya ceci kansa, ya ceci fasinjojinsa.

Har a sha'anin ado ma maganar haka take. Hular nan ta Zanna Bukar, wadda mutanen Bama suka yi suna wajen ɗinkinta da hannu, takan ɗauki makonni kafin a gama, kuɗinta kuma ya fi na ɗinkin keke nesa ba kusa ba. Amma za ta sha wanki shekara da shekaru tana tsaye, ita kuwa waccan wanki biyu ko uku sai ta kwanta. A ce takalmin naira dubu biyar ya yi wata uku, na dubu goma sha biyu ya yi shekara biyu, wanne ne mai araha a gaskiya?

Sai dai fa a yi hattara, ba kowace tsada ce shaidar inganci ba. Akwai 'yan kasuwa da suka gane mutane na gudun araha, sai su ɗora wa jabu farashin na gaske. Abin da ya fi shi ne mutum ya riƙe ɗan kasuwa guda mai shago tsayayye, wanda zai ba da rasit, ya kuma yarda a dawo masa da kaya in sun ƙi aiki. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ya rage a kan abin da lalacewarsa ba ta cutarwa, kamar labule ko kwanon sha, ko ya shiga adashi ya jira kwasarsa.

Jama'a, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin a miƙa kuɗi a tambayi kai abu biyu: kwana nawa wannan abu zai yi mini, kuma in ya ci amanata me zan rasa? In amsar ita ce lafiya, ko gida, ko rai, to, nan ba wurin neman ragi ba ne.